Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar 'Yan Taru

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, bana mun zaɓi mu kawo muku tarihin Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansu. An haife ta a Ɗegel a shekara ta 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta. Kun ga ke nan tun tana yarinya ta san amfanin mace ta tallafi 'yar'uwarta. Tana da shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa, ta ga zawarawa da marayun da yaƙi ya bari.

Ta haddace Alƙur'ani, ta yi zurfi a ilimi, ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

To amma abin da ya dame ta shi ne matan ƙauye. Mace tana cikin gida, ga goyo ga daka, tana da tambaya a kan jinin haila ko wankan biƙi ko haƙƙinta a wurin miji, kunya ta hana ta buɗe baki gaban malami namiji. Sai ta haɗiye abin, ko ta nufi 'yan bori.

Nana Asma'u ba ta tsaya ga zargin su ba, hanya ta yi musu. Ta zaɓi dattijai mata masu amana daga garuruwa, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani don kowa ya san aikinta. Jaji kan taho Sakkwato da ayarin tsofaffi da 'yan mata ƙanana, tun da su ne ke da damar tafiya. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da zare, ita kuwa Nana ta raba wa marasa lafiya da mabuƙata. Sukan zo kuma da tambayoyin matan auren da suka baro gida. Su koyi karatu cikin waƙa don ya yi sauƙin hadda, su koma da amsa gida gida. Su ake kira 'Yan Taru. Su ne masu jinya, masu wankan gawar mata, masu sasanta rigima.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi.

Mu nan Arras abin ya shafe mu ƙwarai. Iyayenmu mata da yawa danginsu suna Nijar ko Nijeriya. Wata tun asuba ta bar Treichville ta nufi kasuwar Adjamé, bashi ya yi mata katutu ko ciwo yana cin ta, amma ba za ta faɗa ba don kar a ce ta tona asirin gida. Wata amarya ce sabuwar zuwa, ba ta jin Faransanci ko Jula, ko asibiti ba ta iya zuwa ita kaɗai. Ai ana haɗuwa wurin suna da biki da adashi da karatun islamiyya, taron dai akwai shi. Abin da ya rage shi ne a samu masu riƙe sirri irin jajin Nana, waɗanda za a kai wa kuka ba a ji shi a bakin famfo ba. Mu ma 'yan makaranta za mu iya raka wata asibiti mu yi mata tafinta, ko mu kai tambayarta ga malama. Matambayi dai ba ya ɓata.

Allah ya haskaka kabarin Nana Asma'u, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, amin.