Roger Revelle: malamin da ya gano iyakar ƙarfin teku

Ya mai karatu, ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Amma ka sani, ruwan damanar da kake jira kowace shekara, iska ce take ɗauko shi daga tekun Atlantika. Don haka lafiyar teku ta shafi gonarka da rumbunka. Ga tarihin wani malami da ya daɗe yana nazarin wannan al'amari.

An haifi Roger Revelle a birnin Siyatul na ƙasar Amurka, ranar 7 ga watan Maris 1909. Ya fara da karatun ilimin duwatsu, sannan ya koma ilimin teku, ya sami digirin dokta a 1936. Daga bisani ya shugabanci cibiyar binciken teku ta Scripps, a jihar Kalifoniya, har zuwa 1964.

Duk lokacin da aka ƙona fetur, kwal ko itace, wata iska tana fita, ana kiranta iskar kabon. Idan ta taru a sama, tana riƙe zafi kamar yadda bargo yake yi. A zamanin Revelle, masana da yawa ba su damu da ita ba. Suna tsammanin teku zai shanye duk abin da mutane suka fitar.

A 1957, Revelle da abokin aikinsa Hans Suess suka wallafa bincikensu. A ciki Revelle ya yi gargaɗi cewa ruwan teku ba ya shan wannan iska da sauƙi kamar yadda ake zato. Ka duba rigar da ta jiƙe: in ka ƙara mata ruwa, kaɗan za ta ɗauka. Abin da teku ya kasa sha, a sama yake zama.

Revelle bai tsaya ga magana ba. Ya tallafa wa wani matashin masani, Charles Keeling, wanda ya fara auna iskar a bisa dutsen Mauna Loa, a tsibirin Hawai, a 1958. A lokacin, awon ya nuna kamar kashi 315 cikin miliyan. A 2024 ya wuce 420.

Revelle ya rasu ranar 15 ga watan Yuli 1991. Binciken da ya biyo baya ya gaskata shi. Teku yana shan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da mutane ke fitarwa. Hakan yana ƙara wa ruwansa tsami, yana cutar da halittun ciki. Haka kuma teku ne yake ɗauke mafi yawan ƙarin zafin duniya. Wani bincike na 2003 ya nuna cewa canjin ɗumin tekuna yana cikin manyan dalilan farin da ya addabi Sahel, irin na 1973 da 1984.

Shi ya sa masu hasashen damana suke duba zafin teku kafin su yi sanarwa. Idan ka ji sanarwarsu a rediyo, ka saurara da kyau kafin ka zaɓi iri da lokacin shuka.