Humphry Davy: Maraya Mai Koyon Haɗa Magani da Ya Ciro Magnesiyam

A wannan mako mun kawo muku tarihin Humphry Davy.

An haife shi a garin Penzance na Ingila a shekarar 1778. Mahaifinsa masassaƙi ne, ya rasu Davy bai cika shekara 16 ba, ya bar mahaifiyarsa da yara biyar da bashi. Sai aka kai Davy wurin wani likita ya koyi haɗa magani. A can ya riƙa karanta littattafan kimiyya da kansa, har a 1801 aka ɗauke shi aiki a Royal Institution da ke Landan.

A lokacin ba wanda ya taɓa ganin ƙarfen magnesiyam da ido. Dalili kuwa, ƙarfe ne mai saurin haɗuwa da wasu sinadarai, musamman iskar oksijin, don haka ba a samun sa shi kaɗai a ƙasa. Davy ya yi tunanin cewa lantarki zai iya raba su. A 1808, shekarar da Alƙalawa ta faɗi a jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo, ya gauraya garin magnesiya da sinadarin zaiba, ya sa masa wutar babban batir, sannan ya ƙafar da zaibar. Ɗan abin da ya saura shi ne magnesiyam.

Idan aka kunna wa siririn magnesiyam wuta, yakan ci da farin haske mai cutar da ido, ya bar farar toka. Kada a zuba masa ruwa, domin wutar ƙaruwa take yi. Busasshen yashi ake zubawa. Amma wannan ƙarfe yana cikin koren ganyen riɗin da ake nomawa a Maigatari da Gagarawa, da shi ganye ke kama hasken rana.

Aikin Davy na da haɗari. A 1812 wani sinadari ya fashe ya ji masa rauni a ido, amma bai daina ba. A 1815 ya ƙera fitilar da ba ta tayar da gobara a ramin haƙar kwal, kuma ya ƙi yi mata rajista don neman kuɗi. Ya mutu a Janeba a 1829 yana da shekara 50.

A ajinmu ma akwai marayu, wasu har suna tunanin barin karatu. Mu taimaka musu su zauna.