Kal Liniyas: Ɗan Faston Da Ya Raɗa Wa Tsirrai Suna

An haifi Kal Liniyas ranar 23 ga Mayu, 1707, a wani ƙauye na kudancin ƙasar Suwidin. Mahaifinsa, Nils, faston Ikilisiyar Lutaran ne, mai son lambu ƙwarai. Burin iyayensa shi ne yaron ya gaji aikin fasto, amma hankalinsa ya fi karkata ga furanni. Wani likita, Yohan Rotman, shi ne ya ba da shawarar a bar shi ya karanta likitanci, domin a wancan zamani ba a raba ilimin magani da ilimin tsirrai.

Ya shiga Jami'ar Lund a 1727, ya koma ta Ufsala a shekarar da ta biyo, inda ya sha fama da talauci. A 1732 ya yi doguwar tafiya zuwa Laflan, can ƙuryar arewa, yana tattara tsirrai. A 1735 ya sami digirin likita a ƙasar Holan, ya kuma buga littafinsa Systema Naturae. A ciki ya kasa tsirrai aji 24, galibi bisa yawa da tsarin zaruruwan da ke ɗauke da garin fure. Hanya ce mai sauƙi: duk wanda ya iya ƙidaya zai iya gane ajin tsiro.

Ya zama farfesa a Ufsala a 1741. Babban aikinsa, Species Plantarum, ya fito a 1753 da tsirrai kusan 6,000, kowanne da suna mai kalma biyu, ta dangi da ta kansa. Kafin nan, sunan tsiro ɗaya kan cika layi guda. Tsamiyarmu shi ya sa mata Tamarindus indica. Kuka kuwa ya kira ta Adansonia digitata, don girmama Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal. Liniyas ya ɗauki wannan aiki a matsayin bin sawun hikimar Mahalicci.

Wannan bangaskiya ta gamu da gwaji. Da farko ya koyar cewa ire-iren tsirrai ba sa ƙaruwa kan waɗanda aka halitta tun fil azal. Sai aka kawo masa wani tsiro, Linaria, wanda furensa maimakon ƙaho ɗaya ya fito da biyar. Bai ɓoye shi ba. A 1744 ya bayyana shi ga duniya da sunan Peloria, daga baya kuma ya yarda cewa sababbin ire-ire na iya fitowa ta hanyar barbara. Ya kuma sani cewa azuzuwansa 24 na wucin gadi ne, domin sun haɗa bare da bare, sun raba 'yan uwa. Ya nemi tsari na ainihin dangantaka har ƙarshen ransa, bai kammala ba. Ya rasu ranar 10 ga Janairu, 1778, aka binne shi a babbar majami'ar Ufsala.

Abin da ya nema, binciken DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, shi ya kusantar da shi. A 1993 masana sun kwatanta ƙwayar gado ɗaya a tsirrai kimanin 500. A 1998 ƙungiyar masana ta APG ta fitar da sabon tsarin tsirrai masu fure, ta sabunta shi a 2003, 2009 da 2016. Bisa wannan tsari, kuka da rimi sun koma gida ɗaya da kuɓewa, auduga da yakuwa. Ashe miyar kuka da ta kuɓewa 'yan ɗaki ɗaya ne. A 1999 kuma aka warware sirrin Peloria: ba sabon iri ba ne, wata ƙwayar gado ce mai tsara siffar fure aka toshe wa aiki.

Azuzuwan Liniyas sun rushe tun da daɗewa, amma har yau daga littafinsa na 1753 ake fara lissafin sunayen tsirrai masu fure. Mai karatu zai lura cewa ɗan faston nan bai ji tsoron abin da idonsa ya gani ba, ko da ya saɓa wa koyarwarsa ta farko. Ya gyara fahimtarsa, bai kuwa bar Ubangijinsa ba.