Labarin Robat Fil, Attajirin Tufafi, Da Sarautar Da Ya Bar Wa Zuriyarsa

Ya ku malamai da fatake masu karanta wannan shafi, ga labarin wani attajiri na ƙasar Ingila wanda ya tara dukiya da cinikin tufafi, har Sarki ya ba shi sarauta ta gado, da kuma abin da ya auku ga sarautar da dukiyar a hannun jikokinsa.

Ku sani Turawan Ingila suna da wata sarauta da suke kira Baronet. Sarki Jemis na ɗaya ya ƙago ta a shekarar 1611, sa'ad da yake bukatar kuɗin riƙe soja a ƙasar Ailan. Duk wanda aka ba, sai ya biya fam 1,095, watau abincin soja 30 na shekara 3. Mai wannan sarauta ba shi da gari ko talakawa, darajarsa tana ƙasa da ta Lod, ana dai sa masa laƙabin Sa a gaban sunansa. In ya mutu babban ɗansa namiji ya gāje ta. 'Ya mace ba ta gado a bisa galibi, in kuwa maza suka ƙare sarautar ta mutu.

An haifi Robat Fil a shekarar 1750 a lardin Lankasha, inda daga baya akoko da alawayyo suka riƙa fitowa zuwa kasuwanninmu. Ubansa manomi ne wanda ya shiga sana'ar buga zane a jikin farin yadi. Da Robat ya girma sai ya yi tarayya da wani mai suna Yets a garin Beri, suka kafa masaƙu, ya kuma auri 'yar abokin cinikin nasa a 1783. Ciniki ya yi albarka har ma'aikatansa suka kai dubbai. Ya sayi wani babban gida da gonaki a Direton, kana a 1790 mutanen Tamwot suka zaɓe shi wakilinsu a Majalisa, ya zauna shekara 30 a ciki. Lokacin yaƙin Ingila da Faransa kamfaninsa ya ba Gwamnati gudummawar fam 10,000, sa'an nan a shekarar 1800 Sarki Joji na uku ya naɗa shi Baronet.

Amma fa dukiyar nan ba ta rasa aibi ba. Da yawa daga masu yi masa aiki yara ne marayu da 'ya'yan matalauta, waɗanda ake kwasowa daga gidajen miskinai, suna wuni a tsaye gaban inji, cuta tana kama su. Da ya ga abin ya yi muni, shi da kansa ya kai magana Majalisa, aka yi doka a 1802 cewa kada yaran nan su wuce awa 12 a rana suna aiki, a kuma koya musu karatu da rubutu da lissafi. A 1819 ya sake tsayawa aka hana sa yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masaƙar auduga. Ya mutu a 1830 yana da shekara 80.

Babban ɗansa, shi ma Robat, ya gāji sarauta da gida. Tun yana ƙarami uban ya tsananta masa karatu, ya kuwa fita zakara. Shi ya kafa 'yan sandan birnin Landan a 1829, ya zama Firayim Minista har sau biyu, ya mutu a 1850 bayan doki ya kayar da shi.

Daga nan al'amari ya juya. Na uku, Robat, ya ba da ƙarfinsa ga sukuwar dawaki da caca, har a 1871 ya sayar wa Gwamnati hotunan zane masu tsada da ubansa ya tara. Na huɗu, Robat, bashi ya yi masa katutu har shari'a ta yanke cewa ya karye. Aka sayar da gidan Direton, aka rushe shi a 1929, filin kuwa tun 1950 ya zama wurin wasan yara da lilo. Na biyar, Robat, ya mutu a 1934. Ɗansa tilo, Robat na shida, yana sojan ruwa a yaƙin Hitila sa'ad da jiragen Japan suka jefa wa jirginsu bom a Kolambo a 1942, ya mutu yana da shekara 21, bai bar ɗa ba.

Da haka reshen babban ɗa ya yanke. Aka bi nasaba aka koma ga zuriyar autan 'ya'yan Firayim Minista maza, wanda ya taɓa shugabantar Majalisar Wakilai. Jikansa, da ma Lod ne, ya zama Baronet na bakwai, sarautar kuwa tana wannan reshe har yau.

To, 'yan'uwa, ku duba. Dokarsu ta tsare laƙabi, ya bi mutum shida masu suna ɗaya shekara 142 bai ɓata ba, amma ba ta iya tsare gida da gonaki ba. Ɗan da aka hora da karatu ya ɗaukaka gidan, waɗanda suka tashi suka tarar da dukiya suka watsar. Shari'armu ta riga ta yanka wa kowane magaji rabonsa, mace da namiji, saboda haka abin da ya rage a wuyan mai dukiya shi ne tarbiyyar masu karɓa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa abin da muka tara ya zama halal. Amin.