Nana Asma'u: Mawaƙiyar Tsoro da Bege

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Ɗagel a shekarar 1793, su tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan. Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka da idonta ta ga yunwa da gudu da mutuwa na shekarun jihadi, har zuwa cin Alƙalawa a 1808. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Fulatanci ne harshen gidansu, kuma wannan yana ƙara mana ƙarfin gwiwa, mu da muka taso a irin su Kujama muka koyi Hausa a kasuwa da makaranta. Da Hausa take yi wa talakawa magana, musamman matan karkara. Ta naɗa jajoji, wato dattawan mata masu jagorancin 'Yan Taru, takan ba kowace malfa, su haddace waƙoƙinta su kai wa 'yan'uwansu a ƙauyuka.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda take sarrafa zuciyar mai sauraro. A Godaben Gaskiya da sauran waƙoƙinta na wa'azi, takan siffanta tsayuwar ƙiyama da siraɗi da azabar wuta har tsikar jiki ta tashi, sannan ta juya ga koramu da inuwar Aljanna, hankali ya kwanta. Wani masani ɗan ƙasar Ailan, Edmund Burke, ya fitar da littafi a 1757 inda ya raba abin sha'awa gida biyu: kyakkyawa, mai jawo ƙauna da natsuwa, da kuma gagarumin abu mai kwarjini, wanda tushensa razana ce. A wurin Burke, razanar tana daɗi ne idan mutum yana hangen haɗarin daga nesa, kamar mai kallon ambaliya daga kan tudu. A nan suka rabu. Asma'u ba ta bar wa mai sauraro tudun tsayawa ba. Ranar da take siffantawa tasa ce, kuma so take tsoron ya kai shi ga tuba.

Kyau kuwa, a marsiyyoyinta za a neme shi. Ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Da wuya ka ji ta yabi fuska ko ado. Haƙuri da kyauta da ilimi da riƙon zumunci take lissafawa, kyan hali ke nan. Duk da haka ba ta ɓoye hawayenta ba. A ganina marsiyyar A'isha ta fi sauran taɓa zuciya, domin a can malamar ta koma mace mai kewar ƙawarta kawai.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a kundi guda tare da fassarar Ingilishi. Allah ya jiƙanta, amin.