Malam Mika'ilu Babban Gwani: Maginin Masallacin Juma'a na Zariya

Gabatarwa

A tarihin ƙasar Hausa an fi adana sunayen sarakuna da malamai da mayaƙa. Masu sana'ar hannu kuwa, kamar maƙera da majema da magina, ayyukansu ne kan wanzu, sunayensu su shuɗe. Daga cikin 'yan ƙalilan da suka tsira daga wannan mantuwa akwai Malam Mika'ilu, wanda wasu ruwayoyi ke kira Muhammadu Durugu, amma aka fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Ya rayu a ƙarni na 19, a zamanin Daular Usmaniyya, kuma shi ne ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya. Wannan babi zai dubi sana'ar da ya tashi a cikinta da aikin da ya fito da sunansa da yadda rayuwarsa ta ƙare, sannan da abin da ya rage na gadonsa.

Ma'anar Laƙabinsa

Kalmar magini ta samo asali ne daga aikatau gina, ta hanyar ɗafa ƙwayar ma'ana ma- a farko da -i a ƙarshe, kamar yadda ake samun manomi daga noma. Jam'inta magina, shi ya sa ake kiran shugaban masu sana'ar Sarkin Magina. Ita kuwa kalmar gwani ba ta taƙaita ga gini ba. Ana kiran mahaddacin Alƙur'ani da ya kai matuƙa a ƙwarewa gwani, haka ma duk wanda ya yi zarra a fanninsa. Saboda haka Babban Gwani na nufin gwanin da sauran gwanaye suka sallama wa. Ruwayar baka ta nuna cewa daga Sakkwato aka tabbatar masa da wannan matsayi, aka kuma haɗa shi da ma'aikata masu yawa da za su riƙa taya shi aiki.

Matakan Koyon Sana'a

Gini a ƙasar Hausa sana'a ce ta gado, kuma ba a zama gwani dare ɗaya. Yaro yakan fara ne da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa. Akan jiƙa jar ƙasa a cuɗa ta da ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu. Daga nan sai ya koyi mulmula tubali, wanda ake shanyawa a rana har ya bushe. Idan hannunsa ya faɗa, sai a bar shi ya hau katanga yana jera tubalin da ake cilla masa daga ƙasa. Bayan shekaru ne ake sakar masa aikin rufi, wato jera azara, wadda ake faskarowa daga itacen giginya saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cika cin ta ba.

A wajen rufi ne ake bambance magini da gwani. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Domin a rufe ɗaki mai faɗi, sai magina suka ƙirƙiro dabarar bakan gizo: ana dasa azara a jikin bango, a ɗaura wata a kanta tana ɗan karkatowa ciki, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe, sannan a ƙara wata, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Idan bakunan gizo suka gitta juna suka ɗauki tulluwa, shi ake kira ɗaurin guga. Aiki ne da ba ya son gaggawa, domin kuskuren gaɓa ɗaya yana iya kayar da rufin gaba ɗaya. Wannan ita ce makarantar da Malam Mika'ilu ya fito daga cikinta.

Ginin Masallacin Zariya

Bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, sababbin masarautu sun buƙaci manyan masallatai da fadoji da za su dace da sabon tsarin mulki. A Zazzau, Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, kuma shi ne tushen gidan sarautar Katsinawa, ya ɗora wa Malam Mika'ilu nauyin gina masallacin Juma'a kusa da fada. An yi aikin a cikin shekarun 1830.

Matsalar da ke gabansa ita ce yadda za a rufe filin da zai ɗauki sahu-sahun masallata da ƙasa da azara kawai. Ya warware ta da manyan ginshiƙai waɗanda bakunan gizo ke tashi daga jikinsu suna ɗauke da tulluwoyi, ta yadda nauyin rufin ke sauka ta kan ginshiƙan zuwa ƙasa. Ya ƙawata ginshiƙan da zane mai tudu da kwari wanda aka fitar da hannu tun ƙasar tana ɗanya. Harabar ta ƙunshi ɗakin shari'a da zaurukan shiga inda ake alwala. Masana gine-gine na gida da na waje sun ɗauki wannan masallaci a matsayin ƙololuwar fasahar ginin ƙasa ta Hausawa.

Irin wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai an tsara masu haƙar ƙasa da masu ɗebo ruwa da masu yin tubali da masu kawo azara, kuma dole a ci ƙarfin aikin da rani kafin damina ta sauka. Don haka gwanintar Babban Gwani ta haɗa da iya tafiyar da jama'a da sanin lokaci. Almarar da ake bayarwa cewa da dare yake gini, har wasu na cewa aljannu ke taya shi, tana nuna irin mamakin da aikinsa ya jefa mutanen zamaninsa. Sunansa ya kai sauran masarautu. Ana jingina masa wasu soraye a fadar Kano, kuma a Kafin Madaki ta Jihar Bauchi akwai tsohon gini da ake kira Babban Gwani saboda shi.

Rasuwarsa

Ruwayar da ta fi shahara ta ce an gayyace shi Birnin Gwari ya yi gini, da ya gama sai sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi kyau. Labarin yana bayyana halin da mai fasaha ke ciki a ƙarƙashin masu iko: baiwar da ta ɗaukaka shi ita ce kuma ta jawo masa halaka. Sai dai manufar kisan ba ta cika ba, domin ilimin ya riga ya shiga hannun 'ya'yansa da almajiransa. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe shugabancin magina a Zazzau, kuma akwai unguwa a cikin birnin Zariya mai suna Babban Gwani.

Makomar Aikinsa

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da kulawa. Kowace shekara sai an yi yaɓe, an gyara indararo, an shafe rufi da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso. Duk wanda ya tashi a Karfi ko Malumfashi ko Funtuwa ya san yadda katangar da aka yi wa sakaci ke zubewa a cikin ruwan Agusta. A shekarun 1970 an lulluɓe tsohon masallacin da sabon gini na kankare. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi dalla-dalla, aka kuma gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin na Zariya ya rufta ana cikin sallar La'asar, mutane da dama suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Duk da mamayar siminti da kwano, fasahar ba ta mutu ba. A garin Yama da ke jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Kammalawa

Tarihin Babban Gwani ya nuna cewa ɗaukaka a sana'a tana bin matakai, kuma shugaba nagari shi ne wanda ya san aikin tun daga kwaɓa ƙasa. Ya kuma nuna cewa gini yana iya rushewa, magini yana iya mutuwa, amma ilimin da aka koyar yakan wanzu muddin akwai mai karɓa. Wannan darasi ya shafi ɗalibi mai shirin zama malami kai tsaye, domin kalmomi irin su ɗaurin guga da zanko da makuba suna ɓacewa daga bakin yara tare da ɓacewar sana'ar, kuma ajin Hausa na daga cikin wuraren da za a iya riƙe su.

Tambayoyi

1. Bayyana matakan da yaro ke bi kafin ya zama gwani a sana'ar gini.
2. Yi bayanin yadda ake ɗaura bakan gizo da dalilin ƙirƙiro shi.
3. Ziyarci wani tsohon magini a garinku, ka tattaro kalmomi ashirin na sana'ar gini tare da ma'anoninsu.