Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa da ya sa rana aiki

Jama'a masu saurarenmu na Barmu da kewaye, da ƴan uwa da ke wajen bida a Libiya, Abijan ko Legas, a filinmu na tarihin magabata yau mun ɗauko mutumin da kowa ya san sunansa, amma kaɗan sunka san aikinsa. Duk ɗanmu da ya ci bak ya tafi Yamai karatu, za ka ji an ce yana Jami'ar Abdu Mumuni. To wane ne shi?

An haifi Abdu Mumuni Dioffo a Tasawa, cikin jahar Maraɗi ta yanzu, ranar 26 ga Yuni 1929. Ya fara lekol a Damagaram, ya zarce Yamai, daga nan anka tura shi makarantar William Ponty ta Senegal, inda Turawan Faransa ke tara yara masu kaifin kai na ƙasashen da suke mulki. Sai Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyon a fannin fizik, wadda ita ce ƙololuwar jarrabawar malaman lise a Faransa, kuma shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya same ta a wannan fanni.

Mai irin wannan takarda, da ya so ya yi zamansa a Turai da babu mai hana shi. Shi ko alli ya ɗauka. Ya koyar a Dakar. Da Gine ta ce a'a ga Janar De Gol a 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta cikin fushi, makarantu sunka rasa malamai, yana cikin ƴan Afirkan da sunka tafi Konakiri don kada azuzuwa su rufe. Bayan nan ya koyar a lise ta Yamai.

Mu ɗan tsaya ga abin da malamin fizik ke fara koya wa yara, don ya shafe mu. Ana ba yaro pil ɗaya, da ampul, da waya biyu, da makunni. Darasin duka shi ne: wuta ba ta tafiya sai ta samu hanya rufaffiya, ta fita ta kai ɗaya na pil, ta ratsa ampul, ta komo ta ɗaya kan. Ka yanke hanyar ko'ina, haske ya mutu, kuma aikin makunni ke nan. In ka haɗa kawunan biyu da waya tsirara ba tare da ampul a tsakani ba, wutar ta samu gajerar hanya, waya ta yi zafi, pil ya ƙare nan take. Pil na tocila volt ɗaya da rabi ne. Ka jera biyu kai da gindi, sun zama uku. Haka batir biyu masu volt 12: in an jera su bi da bi su ba da 24, in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa su tsaya 12, sai dai su fi daɗewa.

Wanga darasi na ƴan koleji shi ne ke bisa rufin gidajenmu yau. Pano, batir, waya, ampul. Ɗan uwa ya yi watanni yana tara kuɗi a ƙasar mutane ya aiko a sayi sola, sai a haɗa pano da batir kai tsaye babu regilater, ko a sa siririyar waya babu fiyus, kafin damina ta zagayo batir ya kumbura. A ce kayan jabu ne. Wani lokaci jabun ne, amma sau da yawa haɗin ne bai yi ba. Kuma yaron gidan da ya yi darasin a aji bai gane cewa abu ɗaya ba ne, don da Faransanci ya hardace shi, ya rubuta ranar jarrabawa, ya bar shi can.

Wannan ciwo Abdu Mumuni ya hango shi tun da wuri. A 1964 ya fitar da littafi a Paris kan ilimi a Afirka, inda ya nuna makarantar da Turawa sunka bari ta raba yaro da harshensa da aikin hannu, ya kuma nemi a koyar da yara cikin harsunansu na gida. Mu a ganinmu, ko wannan kaɗai ya yi ya isa a tuna da shi.

Amma rana ce ta fi ɗaukar hankalinsa. Ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙware kan makamashin rana, ya zo Bamako a 1964 ya kafa wa Mali ɗakin bincike kan haka, ya kammala digirinsa na dokta a 1967. A 1969 ya komo gida ya riƙe ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana ta Nijar, har 1985. Galibin aikinsu a lokacin kan zafin rana ne, ba kan irin panon da munka sani yanzu ba: tukunyar ɗuma ruwa, murhun dafuwa babu icce, na'urar tace ruwa, har da injin da zafin rana ke juyawa. Abin lura, a Yamai ake ƙera da yawansu, da hannun ƴan ƙasa. A 1979 anka ɗora masa shugabancin Jami'ar Yamai bisa wancan aiki.

Allah Ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61. A 1992 anka sa wa jami'ar sunansa, kuma 7 ga Afrilu ta zama ranar da ƙasa ke tunawa da makamashi mai sabuntuwa kowace shekara. Babbar tashar sola ta farko a Nijar ko, mai megawat 7, sai a 2018 anka buɗe ta, nan jaharmu ta Tawa, a Malbaza. Shekara 27 ke nan bayan an binne shi. Allah Ya jiƙansa da rahama.